Wa ya kwashe Yahudawan unguwa, Hitila ko maƙwabta? Fashin baƙi a kan fim ɗin shagon maɓallai

Tsofaffinmu da suka je Boma suka dawo, da waɗanda suka sha labari a gida, suna ɗaya suka raɗa wa yaƙin duniya na biyu: Yaƙin Hitila. Sunan ya zauna daram, sai dai ya zo da wata fahimta a goye, wadda ke sake fitowa duk ranar 27 ga Janairu idan gidajen rediyo suka tuna da kisan Yahudawa miliyan shida a Turai. Fahimtar ita ce, mutum ɗaya mai ɗan gashin baki da sojojinsa ne suka yi wannan aiki, sauran jama'a kuwa suna gida sun rufe ƙofa.

To amma a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, wa ya nuna wa hukuma gidan wane? Wa ya rubuta sunaye? Da aka tafi da mai shago, wa ya buɗe shagon washegari? Akwai wani tsohon fim da ya tsaya a kan wannan tambaya bai kauce ba. Sunansa Obchod na korze a harshen Silobakiya, wato shagon da ke bakin babban titin gari. An yi shi a Cekosilobakiya a 1965, Ján Kadár da Elmar Klos suka ba da umarni, kuma a 1966 ya ci kyautar Oska ta fim mafi kyau a harshen waje, karo na farko ga ƙasar. Fim ne marar kala, mai tsawon sama da awa biyu, kuma za ka kalle shi har ƙarshe ba ka ga sansanin kisa ko sau ɗaya ba.

Mece ce ƙyamar Yahudawa?

Kalmar da Turawa ke amfani da ita, wato antisemitism, ta samo asali ne daga sunan Sam ɗan Annabi Nuhu, shi ya sa sau da yawa za ka ji mutum ya ce ai Larabawa ma zuriyar Sam ne, to ina maganar take? Ta fuskar harshe gaskiya ne, Larabci da Ibrananci 'yan gida ɗaya ne. Amma wanda ya yayata kalmar, wani ɗan jaridar Jamus mai suna Wilhelm Marr, a 1879 ya yi hakan, kuma Yahudawa kaɗai yake nufi. Ya so ne ya sa wa tsohuwar ƙiyayya sabuwar riga mai kama da kimiyya.

Ƙiyayyar kanta ta girmi kalmar da ɗaruruwan shekaru. A Turai ta Kirista an daɗe ana ɗora wa Yahudawa baki ɗaya laifin gicciye Almasihu da coci ke koyarwa cewa an yi. Da annoba ta ɓarke a 1348 aka ce su suka zuba guba a rijiyoyi, aka ƙona su a garuruwa irin su Strasbourg. A 1903 aka buga wata takardar jabu a Rasha da ke cewa dattawansu sun ƙulla makircin mallake duniya. Jaridar The Times ta Landan ta tona asirin jabun a 1921, amma har yau tana yawo a intanet. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne a kama mutum da laifin da bai yi ba, don kawai gidan da aka haife shi.

Wannan daban yake da sukar gwamnatin Isra'ila, kuma nan ne mutane suka fi cakuɗa magana. Abin da fim ɗin ke ba da labari ya faru a 1942, shekara shida kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Mutum na iya yin Allah wadai da abin da ake yi wa Falasɗinawa da dukkan zuciyarsa, ba tare da ya ce tsohuwar da ke sayar da zare a wani ƙauyen Turai ta cancanci a cusa ta a taragon shanu zuwa sansanin kisa ba. Masu kiran kowace suka ƙyama suna ɓata kalmar, haka ma masu fakewa da suka don su farfaɗo da tsohuwar ƙarya.

Ƙasar da abin ya faru

A ranar 14 ga Maris 1939 Silobakiya ta ɓalle daga Cekosilobakiya ta zama ƙasa mai cin gashin kanta a ƙarƙashin inuwar Jamus, kwana ɗaya bayan Hitila ya kira jagoranta zuwa Balin. Jagoran nan, Jozef Tiso, limamin cocin Katolika ne. Jam'iyya ɗaya ke mulki, tana da 'yan banga masu baƙaƙen kaya da ake kira Dakarun Hlinka. Ƙidayar 1940 ta nuna Yahudawa kusan 89,000 a cikin mutane miliyan biyu da rabi da ɗoriya.

Abin lura shi ne sojojin Jamus ba su mamaye ƙasar ba sai ƙarshen Agustan 1944. Jamus ta turo mashawarci a kan sha'anin Yahudawa, Dieter Wisliceny, amma dokokin na gida ne, 'yan sandan na gida ne, jiragen ƙasan ma na gida ne. A ranar 9 ga Satumba 1941 gwamnati ta fitar da Kundin Yahudawa mai sassa 270: liƙa tauraro ruwan ɗorawa a riga, haramta aure tsakaninsu da sauran jama'a, da jerin hane-hane da jaridun gwamnati suka yi alfahari da cewa sun fi na kowa tsauri a Turai.

Takardar da ake kira arizasiya

Wannan ita ce kalmar da in ba a gane ta ba, ba za a gane fim ɗin ba. 'Yan Nazi, wato 'yan jam'iyyar Hitila, suna kiran kansu da ire-irensu Ariyawa, wai tsarkakakken jinsi. Arizasiya na nufin a karɓe dukiyar Bayahude a miƙa wa wanda ba Bayahude ba, da hatimin hukuma. Wanda aka ba shi kuma ana ce masa arizato. A cikin kamfanoni da shagunan Yahudawa kimanin 12,300, an rufe kusan 10,000, an raba sauran sama da 2,000. Masu uwa a gindin murhu suka kwashi masu maiƙo, wato 'yan jam'iyya da danginsu. Da yawansu ba su san kan sana'ar ba, sai su bar mai shagon na asali yana yi musu aiki, su zo ƙarshen wata su karɓi kuɗi.

Ga inda dabarar take. Wanda ya karɓi shagon maƙwabcinsa ya shiga sahun waɗanda ba sa son mai shagon ya dawo. Bahaushe ya ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Gwamnati ba ta buƙatar kowa ya tsani Yahudawa. Ya isa a ce dubban mutane suna da abin da za su rasa in an yi adalci. Daga nan kuma sai abin ya haifi ɗansa: mutanen da aka ƙwace wa sana'a suka talauce, gwamnatin da ta talauta su ta juyo ta ce sun zame mata kaya. Da Jamus ta ce a kawo su, Silobakiya ta amince har da biyan Mak 500 na kuɗin Jamus a kan kowane mutum ɗaya, bisa alkawarin ba za su dawo ba, kuma Jamus ba za ta nemi dukiyar da suka bari ba.

Jirgin farko ya tashi daga Poprad ranar 25 ga Maris 1942, ɗauke da 'yan mata kusan dubu, zuwa sansanin Auschwitz da Jamus ta kafa a Polan. Kafin ƙarshen Oktoba an kwashe kusan 58,000. 'Yan ɗaruruwa ne suka tsira.

Kafinta da tsohuwa mai maɓallai

A cikin wannan shekara aka ajiye labarin, a wani ƙaramin gari. Garin Sabinov na gabashin ƙasar aka yi ɗaukar. Tono Brtko kafinta ne talaka, yana yawo da karensa, ba ruwansa da siyasa. In ma akwai abin da yake ji game da masu baƙaƙen kaya, to haushi ne, don mijin 'yar'uwar matarsa shi ne kwamandansu a garin, kuma akwai tsohuwar rigimar gado a tsakaninsu. Ana gina wata doguwar hasumiyar katako a dandalin gari don nuna ƙarfin gwamnati, kafintoci na samun aiki, shi an bar shi a waje. Matarsa kullum cikin mita take: dubi 'yar'uwata, dubi ni.

Wani dare kwamandan ya zo da kayan daɗi da kwalaben barasa, aka ci aka sha, sannan ya zaro takarda. An naɗa Tono arizato na shagon wata tsohuwar bazawara Bayahudiya, Rozália Lautmann. Tono bai nema ba. Bai kuma ƙi ba.

Washegari ya sa kayansa na fita ya tafi karɓar shago, kuma daga nan fim ɗin ya koma kamar wasan barkwanci. Tsohuwar kunnenta ya yi nauyi, idonta ba ya karanta takarda. Yana ɗaga murya yana ce mata yanzu shi ne mai shago, ita kuma tana murmushi, a tsammaninta an turo mata mai taya ta aiki. Ya ciro akwatunan da ke jere a kan kanta, ya buɗe, babu komai a yawancinsu. Wani dattijo mai suna Kuchár, wanda ba Bayahude ba ne amma yana tare da su, ya ja shi gefe ya warware masa: shagon ya daɗe da mutuwa, jama'arta ne ke haɗa kuɗi suna riƙe ta a asirce, kuma ba ta ma san ana yaƙi ba. An yi masa wayo, manyan shaguna an riga an rabe su. Amma in zai yi shiru ya bar ta cikin rashin saninta, Yahudawan garin za su riƙa biyansa albashi.

Ya yarda. Ya shiga gyara mata tsofaffin kujeru da kabad, tana dafa masa abinci, ta ɗauko kwat da hular marigayi mijinta ta ba shi. Ran Asabar ta ƙi buɗe shago don ranar ibadarsu ce, shi kuma ya tsaya yana sosa ƙeya. Sannu a hankali ya shaƙu da ita. A gida kuwa matarsa ta dage cewa tsohuwar ta binne zinariya a wani wuri, har ya kai ga ɗaga mata hannu.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa suka ɓata fiye da rabin fim ɗin a kan wannan raha. Ina ganin da gangan ne. Sai da suka tabbatar mai kallo ya so Tono, ya ga kansa a jikinsa, sannan suka rufe ƙofa. Labarin da aka ciro fim ɗin daga ciki, na marubuci Ladislav Grosman, sunansa ma Tarko.

Asabar ɗin ƙarshe

Alamar farko ita ce Kuchár. Aka kama shi, aka yi masa dukan kawo wuƙa, aka jefar da shi a bainar jama'a da allo a jikinsa mai cewa Farin Bayahude, laƙabin da ake yi wa duk wanda ya taimake su. Tono ya gani da idonsa.

Sai ranar kwasa ta zo, kuma Asabar ce. Aka tara Yahudawan garin a dandali, daidai ƙofar shagon, kowa da ƙunshinsa, lasifika na kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Tono na ciki yana leƙe ta gilashi, yana kurɓar barasa. Ya buɗe shago don kada a zarge shi, tsohuwar ta fito tana faɗa don ya keta mata ranar ibada. Ana ta kiran suna, nata bai fito ba. Mantuwa ce? Ko tarko ne kwamanda ya ɗana masa don a kama shi da laifin ɓoye Bayahudiya?

Abin da ya biyo baya yana da wuyar kallo. Ya ce ta shiga ciki ta ɓuya. Can ya juya ya ce ta haɗa kayanta ta fita ta bi 'yan'uwanta. Ya lallaɓa, ya yi tsawa, ya bi ta yana ja. Ya sake yin nadama. Ita kuma da ta hango dandalin, sai kalma ɗaya ta fito daga bakinta, pogrom, sunan da Yahudawan gabashin Turai ke kiran farmakin da gari kan tashi ya kai wa unguwarsu. Abin da aka ɓoye mata tsawon shekaru ta gane shi a cikin daƙiƙa ɗaya, don kakanninta sun san shi. Da Tono ya hango masu baƙaƙen kaya sun nufo wajen, ya ingiza ta cikin wani ɗan ɗakin ajiya ya kulle. Dandali ya watse, ba wanda ya shigo neman ta. Ya buɗe ƙofar ya tarar ta cika. Ya nemi igiya ya rataye kansa.

Fim ɗin ya rufe da mafarki: su biyu cikin farin haske, sun ci ado, suna tafe a kan titi 'yan badujala na busa.

Azzalumi ne ko abin tausayi?

A nan masu kallo suka rabu. Wasu na cewa Tono ma an zalunce shi. Talaka ne, bai tsani kowa ba, ya ga abin da aka yi wa Kuchár, kuma ba kowa aka halitta da zuciyar jarumi ba. Wanda bai taɓa jin ƙarar takalmin 'yan banga a ƙofarsa ba, bai kamata ya yi saurin yanke hukunci ba. Wannan magana tana da nauyi, kuma ina ganin duk mai gaskiya zai ji ta a jikinsa.

Amma ni na fi karkata ga ɗaya ɓangaren, saboda lissafin lokaci. Masu kare shi suna duban sa'ar ƙarshe ne, lokacin da kowace ƙofa ta riga ta rufe. Gwajin Tono ya faro tun daren da aka miƙa masa takarda, lokacin da cewa a'a ba za ta jawo masa komai ba sai fushin matarsa. Ya zo na biyu da ya gane shagon fanko ne, amma ya zaɓi karɓar albashi daga hannun mutanen da ake tatsa. Ya zo na uku da labarin kwasa ya fara yawo, yana da sauran lokacin da zai nema mata mafaka, ya tsaya jan ƙafa da shaye-shaye. Kowane mataki ƙarami ne, kowanne yana da uzurin da za a iya faɗa a majalisa ba a ji kunya ba. Kirkinsa na gaske ne, amma kirki ne da ke aiki muddin ba zai biya komai ba. Ko a sa'ar ƙarshe, tambayar da ke cin ransa ba ta wuce me za a yi mini ba.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: su ma masu ɓoye wa tsohuwar gaskiya, gata suka yi mata? Sun bar ta cikin kwanciyar hankali, sun kuma bar ta ba shiri.

Ai Jamusawa ne suka tilasta mana

Wannan ita ce hujjar Tono idan aka faɗaɗa ta ta zama ta ƙasa, kuma har yau tana da masu riƙe da ita a Silobakiya. Suna cewa ƙaramar ƙasa ba ta da yadda za ta yi da Hitila, cewa Tiso ya ba wasu Yahudawa takardar kariya, cewa an dakatar da jirage a Oktoban 1942.

Matsin Jamus gaskiya ne. Sai dai tun Nuwamban 1938, kafin ma a sami ƙasar, gwamnatin Tiso ta yankin ta kwashi dubban Yahudawa ta zubar a kan iyakar Hangari cikin sanyi. Wakilin Fafaroma a Bratislava, babban birnin ƙasar, Giuseppe Burzio, ya kai ƙorafi a kan kwasar, ba a saurare shi ba. A Agustan 1942, a garin Holíč, Tiso ya tsaya gaban jama'a ya kare korar a matsayin abin da bai saɓa wa Kiristanci ba. Kuma dakatar da jiragen da ake kafa hujja da shi, shi ne ya nuna cewa akwai zaɓi tun farko. Ranar 15 ga Mayu 1942 da majalisa ta halatta kwasar, ɗan majalisa ɗaya ne, János Esterházy, ya ƙi goyon baya. A ƙauyuka kuma an sami manoma da limaman coci da suka ɓoye mutane a rumbu da ƙarƙashin ƙasa. Cibiyar Yad Vashem ta Isra'ila, mai tunawa da kisan Yahudawa, ta karrama ɗaruruwan 'yan Silobakiya a kan haka. Su ma sun ga irin abin da aka yi wa Kuchár.

Bayan an murƙushe boren da 'yan ƙasar suka yi a 1944, Jamusawa suka ci gaba da kwasa da kansu. Jimillar Yahudawan ƙasar da aka kashe ta kai kusan 70,000. An rataye Tiso a Bratislava ranar 18 ga Afrilu 1947.

Da aka gama yaƙi, wa ya mayar da shago?

Fim ɗin bai kai nan ba, amma nan ne ake ganin abin da arizasiya ta yi wa talakawan da suka ci. 'Yan tsirarun da suka dawo daga sansani sun tarar da wasu a gidajensu, suna kwana a gadajensu. A garin Topoľčany, ranar 24 ga Satumba 1945, wata huɗu da ɗoriya bayan ƙarewar yaƙi, jita-jita ta tashi cewa wani likita Bayahude da ke yi wa 'yan makaranta allurar riga-kafi guba yake sa musu. Gari ya tashi, aka raunata Yahudawa sama da arba'in. Masana tarihi sun danganta abin da fargabar waɗanda ke riƙe da dukiyar da za a ce su mayar. Babu sojan Jamus ko ɗaya a garin a ranar. Hukumar garin ta nemi gafara a 2005, gwamnatin Silobakiya kuma ta nemi gafarar Kundin Yahudawa a Satumban 2021, shekara 80 bayan fitar da shi.

Waɗanda suka yi fim ɗin ba daga littafi suka san labarin ba. Kadár Bayahude ne, ya yi zaman sansanin aikin dole, iyayensa da 'yar'uwarsa sun mutu a Auschwitz. Jozef Kroner ne ya fito a Tono. Wadda ta fito a tsohuwar kuwa, Ida Kamińska, ita ce shugabar gidan wasan kwaikwayon Yahudawa na birnin Warso a Polan, kuma rawar da ta taka ta sa aka sanya ta cikin 'yan takarar Oska ta jaruma a 1967. Da tankokin Tarayyar Sobiyet suka shiga Cekosilobakiya a Agustan 1968, Kadár ya tafi Amurka, Grosman ya tafi Isra'ila. A wannan shekarar dai gwamnatin gurguzu ta Polan ta buɗe kamfe a kan ragowar Yahudawan ƙasar, aka kori mutane daga aiki, dubbai suka tattara suka fice da takardar tafiya da ba ta ba su damar dawowa. Kamińska na da shekara 68 lokacin da ta bar gidan wasan da ta gina ta bi sahunsu. Ta rasu a New York a 1980.